Gidan Uni Niar na Cikin Allo

Batusangkar, makon da ya biyo Ƙaramar Sallah

Zuwa ga 'yar yayata Gusneli,

Assalamu alaikum. Neli, ya Japan, ya aiki, ya tsofaffinki na gidan jinya? Da fatan suna haɗiye abinci ba sa feso miki shi. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan tana yi mini hasashen ruwan sama, kuma har yau ba ta yi ƙarya ba. Kin san ni da latse-latsen waya ba ma shiri, wanda ya tsufa a aikin gidan waya takarda ya sani. Don haka da biro nake rubutawa, in ɗauki hoton takardar in tura miki. In kin ga ɗan yatsa a gefe, nawa ne.

Mahaifiyarki, yayata Uni Niar, jiki da sauƙi. Hannun dama yana nan yadda shanyewar ta bar shi, baki kuma kalma ɗaya ce ta rage masa, "Allah". Da ita take neman ruwa, da ita take yi mini faɗa. In ka tambaye ta abu ta gyaɗa kai, in ka tambayi kishiyarsa ma ta gyaɗa. Likita ya ce haka ciwon yake.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wasan nan da kika saka mata a kwamfuta kafin ki tafi, wanda kika gina gidanmu a ciki kika zuba mu 'yan ƙanana, har da gidan yayanki Afrizal can a bakin gari, shi ne ke tayar da ita daga gado. Bayan azahar sai ta ja kujera, ta kama linzami da hagu, ta dafa mana shinkafa, ta kora ni wanka. A can ne kaɗai har yanzu take juya gida yadda ta saba.

Tun ranar Sallah wasan yake mutuwa. Za ta buɗe, ta yi ɗan abin da za ta yi, sai ta danna 'yar siffarta, ta danna wani ɗan hoto mai kama da akwati, sai allo ya yi baƙi, wasa ya ɓace. Ta sake buɗewa. Ya sake mutuwa. Haka har la'asar.

Afrizal ya gani da ya zo Sallah. Ya ja ni baranda.

"Mak Etek, dubi abin da take yi. Mai hankali ba ya buga kansa a bango ɗaya tun azahar."

Na ce, "Kai sau nawa ka nemi aikin gwamnati?"

"Ba wasa nake ba. Kan Mande ya fara tafiya. Ba zan bar uwata a nan da tsoho mai gwiwa ɗaya ba. Da Babbar Sallah zan zo da mota in ɗauke ta zuwa gidana a Pekanbaru. Matata Lastri ta yarda."

"Wato uwarka ta bar gidan uwarta, ta je ta ci shinkafa a tukunyar matarka? A ina ka taɓa jin haka? A al'adarmu, mu maza ake turawa gidan mata. Mace ita ce gidan."

"Wannan maganar masu lafiya ce," in ji shi.

Mun ja, mun ja, har muka tsaya a kan haka: in na nuna masa zuwa ranar layya cewa na'ura ce ta lalace ba kan uwarsa ba, zai bar ta a ɗakinta. In na kasa, ya ɗauke ta, ni kuma in yi shiru.

Neli, na san idon yayata. Babu abin da ya taɓa hankalinta. Amma ido ba ya ba da shaida a gaban Afrizal. Ki gaya mini inda zan taɓa.

Kawunki,
Mak Etek Mawardi

*

Okayama, ranar Lahadi

Mak Etek,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai ciwon baya irin na masu ɗaga mutane. Ka riƙa ɗumama gwiwar nan da ruwan zafi, ka rage shayin ƙwai a teburin mai shayi, na san ba za ka rage ba.

Na karanta wasiƙarka a tsaye cikin ɗakin canza kaya. Uda Afrizal, ko da yake yayana ne, ba shi da hurumin fitar da Mande daga gidan nan. Na kira shi, ya ce in ina da magana in zo in faɗa a baranda. Na kashe waya kafin in faɗi abin da ba a faɗa wa yaya.

Ka bi waɗannan a hankali, kada ka tsallake na farko.

A aljihun teburin akwai ɗan filashi ja. Ka soka shi, ka nemo jakar da na sa wa suna "Gidan Mande", ka kwafe ta gaba ɗaya zuwa cikinsa. Duk gidan da mutanensa suna cikin jakar nan. In ta salwanta, ko ni ba zan iya dawo da su ba.

Bayan haka ka cire wuta, ka buɗe murfin gefe na akwatin kwamfutar, ka share ƙura da busasshen burushi. Zafi yana kashe wasa. Kuma in har ƙyallen saƙar nan da Mande ke lulluɓa mata yana kanta, ka yaye shi. Kwamfuta ba tiren baƙi ba ce, numfashi take yi.

Sannan cikin wasan, ka shiga hoton ƙafar keke mai haƙora, ka ja duk sandunan kyawun hoto zuwa ƙasa.

Tambaya ɗaya. Akwai wanda ya haɗa kwamfutar da intanet? Da gangan na bar ta babu. Ka tambayi Uda, kada ka ce ni na ce.

Ka shafa mini kan Mande.

'Yarka,
Neli

*

Batusangkar, ranar Alhamis

Neli,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, in an cire cewa na mutu ranar Talata. Zan zo kan wannan.

Na kwafe jakar kafin komai, kamar yadda kika ce. Na buɗe akwatin, na tarar da ƙurar da za a shuka barkono a kai, da ƙwan tsaka a manne jikin fanka. Ƙyallen kuwa sai da muka yi yaƙi. Ina yayewa tana mayarwa, har muka sasanta a kan ya koma kan rediyo. Sandunan ma na ja su ƙasa, yanzu fuskata a wasan ta zama kamar dafaffen rogo. Duk da haka, da ta danna ɗan akwatin nan, allo baƙi.

Na tambayi Afrizal. Ya ce e, ranar Sallah ya haɗa ta da wayarsa don yara su kalli zane mai motsi, sai wasan ya ce zai sabunta kansa, shi kuma ya ce to. "Ai gyara ne, Mak Etek. Sabo ya fi tsoho." Na ce na gode da wannan ra'ayi.

Tun daga ranar rubutun ciki ya koma Turanci, wannan bai dame ta ba tunda hotuna take bi. Abin da ban lura da shi ba shi ne mutanen sun fara tsufa. Da can yadda kika ajiye mu haka muke. Yanzu 'yar Afrizal da ke rarrafe ta shiga makaranta, ke kin yi furfura ba aure.

Ranar Talata da la'asar ina zaune gefenta ina ɓare gyaɗa. Ɗan Mawardi na cikin allo yana shara a tsakar gida, sai ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya kwanta. Wani haske ya sauko. Kafin in ce me ke nan, ga tulun toka a inda nake, wai an ƙone gawata, ko wanka ba a yi mini ba.

Na so in yi dariya. Sai na dubi Uni.

Neli, ban taɓa jin sauti irin wannan daga bakinta ba, ko ranar da muka binne uwarmu. Ta buga tebur har kofi ya faɗi ya fashe. Ta damƙe rigata da hannun hagu ta ƙi saki, tana kallona tana kallon allo. Ina cewa, "Uni, ga ni nan, gyaɗa nake ci," ba ta ji.

Kuma a daidai lokacin Afrizal ya kira ta bidiyo. Na ɗauka ba tare da tunani ba. Ya ga uwarsa tana kururuwa a kan tulun zane. Bai ce komai ba sai, "Ka gani ko, Mak Etek?"

Yanzu 'yar siffarta ita ma ta ranƙwafa, tana tafiya da sanda. In ta ga kanta ta faɗi a tsakar gidan nan, ban san abin da zai biyo baya ba. Na lalubo wani wuri mai hoton agogon yashi na kashe, amma da wasa ya mutu aka sake buɗewa sai na tarar ya kunna kansa. Na ɓoye igiyar wuta na ce mata an ɗauke lantarki, alhali fanka tana juyawa a kanmu. Kallon da ta yi mini ba na mai taɓin hankali ba ne.

Da akwai 'ya mace a gidan nan, da ba a kai ga haka ba. Ki gaida tsofaffinki masu sa'a, da suka samu 'yar wani tana juya su.

Mak Etek

*

Okayama

Mak Etek,

Lafiya lau.

Wasan ba ya riƙe saiti sai an fita ta ƙofa. In ya mutu da kansa, duk abin da ka canza ya tafi. Don haka ka buɗe shi lokacin da Mande ke barcin rana, ka kashe agogon yashin, ka danna hoton ƙofa ka fita da kanka. Ka sake buɗewa ka duba.

Sannan ka kwafo jakar da ke cikin filashi ka ɗora kan ta kwamfutar. In ya tambaye ka, ka ce e. Za ku koma yadda kuke ranar da ka kwafa.

In kana ganin tafiyata ce ta jawo wannan, ka faɗa kai tsaye, ba sai ka naɗe shi cikin gaisuwa ba. Ranar da zan tafi kai ne ka ce in je, ka ce kana nan. Kullum in na wanke wata tsohuwa a nan, na san wadda ban wanke ba. Ba na bukatar tuni.

Gusneli

*

Batusangkar, ranar Litinin

'Yata Neli,

Sallama. Na ga kin sa hannu da cikakken suna, na san na taka wuta.

Albishir tukuna: na tashi. Na bi abin da kika ce, na fita ta ƙofa kamar mutumin kirki, agogon ya zauna a kashe. Na dawo da jakar, sai ga ni a tsakar gida da tsintsiyata. Da Uni ta farka ta gan ni, ta daɗe tana kallo, sannan ta kora ni wanka. Ta ci shinkafa da kifi har ta nemi ƙari.

Maganar 'ya mace kuwa, ga abin da nake nufi. Afrizal yana ɗaga mini murya ne don ya san ni ma baƙo ne a gidan nan. Matata ta rasu na tattaro kayana daga gidansu na dawo gidan uwata, shi ke nan matsayina. Da ke magajiyar gidan kina tsaye a bakin matakala, ko motar ba zai kawo ba. Shi nake zargi, ba ke ba. Gaisuwar tsofaffin kuma tsokana ce irin wadda na saba yi miki tun kina tsallen igiya. Takarda ba ta ɗaukar murmushi, abin da ban tuna ba ke nan.

Amma ɗan akwatin nan yana nan yana kashe wasa. Jiya ta gwada har hannunta ya gaji. Me ya rage?

Mak Etek

*

Batusangkar, ƙarshen Zulƙida

Neli,

Sallama. Shiru. Wayata tana nuna wasiƙata ta isa, ba ta nuna an buɗe ba. In fushi ne, ki yi shi da ni bayan layya, zan zauna in saurara har ki gaji.

Jikin Uni ba daɗi. Ba zazzaɓi, ba tari, sai dai ta rage tashi. Da can kafin in gama sallar azahar tana kan kujera. Yanzu sai ta buɗe wasan, ta danna abin sau ɗaya, ya mutu, ta koma ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ko girkin ta daina yi mana a ciki.

Afrizal ya turo hoton ɗakin da suka gyara mata, da gado mai ƙarfe a gefe kamar na jarirai. Ya ce in fara haɗa zannuwanta. A masallaci har an fara yi mini jaje. Wani ya ce, "Mawardi, an ce za a rufe gidanku?" Na ce, "Wa ya ce? Ai ko naku da akuya ke kwana ciki ba a rufe ba." Na ba shi amsa, amma takalmin wani na sako na dawo gida.

An fara ɗaure shanun layya a filin masallaci. Ina jin kukansu daga nan.

Mak Etek

*

Okayama, ranar Laraba

Mak Etek nawa,

Ka yafe mini. Ba fushi ba ne, ko in ce fushin kwana biyu ya yi ya wuce. Mura mai tsanani ce ta shiga gidan jinyar, aka rufe mu ciki tare da tsofaffin, waya tana akwatin ajiya a ƙasa. Mun rasa wata tsohuwa da nake kula da ita. Yau na fito na tarar da wasiƙunka biyu, na zauna a tashar jirgi na yi kuka har wani ya miƙo mini hankici. Ni lafiyata ƙalau.

Na yi tunani. Tunda ba zafi ba ne, ba saiti ba ne, saura abu ɗaya. Wasan yadda aka sayar da shi bai san mu ba. Ba shi da rufin gidanmu, ba ɗankwali, ba naman rendang, ba darduma. Sai na samo 'yan ƙare-ƙare da wasu masu wasan suka ƙera, na zuba a wata jaka mai suna "Namu". An yi su ne don tsohon wasan. Da ya sabunta, wataƙila ɗaya daga ciki ya daina jituwa da shi.

Ga yadda ake kama mai laifi. Ka kwashe rabin abin da ke jakar ka ajiye a gefe. Ka bar Mande ta kai hannu kan hoton akwatin, amma kai ka riƙe linzamin, da ka ga wasa bai mutu ba ka fita. In ya mutu, mai laifin yana cikin rabin da ya rage. In bai mutu ba, yana cikin wanda ka kwashe. Ka sake raba wannan rabin biyu. Haka har ya rage ɗaya.

Kada ka tsorata in ka ga gida ba rufi ko mata ba ɗankwali. Za su dawo.

Ka yi sauri, Mak Etek.

Neli

*

Batusangkar, ranar Asabar

Neli,

Alhamdu lillahi da jin muryarki, ko da a takarda ce. Allah ya ba ku haƙurin tsohuwar.

Ban jira Uni ba, na gane inda take dannawa, na yi da kaina tana barci. Na raba, na sake rabawa, kamar rabon naman layya a unguwar da kowa ke da ƙorafi. Na ga gidanmu da rufin kwano. Na ga kaina cikin gajeren wando. Daga ƙarshe ya rage guda ɗaya, sunansa "Adat", wato al'ada. In yana ciki, wasa ya mutu. In na fitar da shi, sai wata taswira ta buɗe, ni kuma na yi maza na fita don ban san me ke gaba ba.

Na tuna kin taɓa cewa akwai wanda kika saka don ango ya tare a gidan amarya kamar yadda mutane ke yi. To ai magana ta fito! Aure take son ɗaura miki a ciki, ta kawo miki miji gida. Akwai wani mai gashin baki da ke yawan wucewa ta ƙofar gidan, na daɗe ina zarginsa.

Sai dai na mayar da abin wurinsa. Hannuna ya ƙi. Ni ne kawun gidan nan, ni ake kira in an taka al'ada. Yanzu ni zan cire ta da kaina in jefa a kwandon shara? Babu wata hanya?

Afrizal zai iso jajibiri.

Mak Etek

*

Okayama, ranar Lahadi

Mak Etek,

Lafiya lau, na gode. Babu wata hanya, wanda ya ƙera shi bai gyara shi ba.

Ka zauna kafin ka karanta sauran. Hoton aure zobe ne. Akwati hoton ƙaura ne.

Abu biyu wannan ƙarin yake yi. Yana kai miji gidan mata, kuma yana hana 'yar gida fita daga gidan uwarta. Ni na zaɓe shi, har ina alfahari. A tsohon wasan, in ka danna mace 'yar gida, akwatin ba ya ma fitowa. Yanzu yana fitowa, in an taɓa sai wasa ya mutu.

Kai da kanka ka ce siffarta take dannawa, ba tawa ba.

Ban san inda take son zuwa ba. Wataƙila taɓawa kawai take don ta ga sabon abu. Tun jiya nake gaya wa kaina haka. Na ma yi tunanin in ce maka ka bar shi a ciki, ka nuna wa Uda rabon da ka yi, ya ga laifin na'ura ne, a wuce wurin. Zai yarda, kuma za mu ci. Amma ba zan iya ba.

Ka cire shi. Ka bari sai Uda yana wurin. Ka ba ta linzamin, kuma don Allah, Mak Etek, kome ka gani kada ka riƙe mata hannu.

Neli

*

Batusangkar, kashegarin layya

'Yata Neli,

Sallama, da barka da Sallah. Mun yi lafiya, an samu nama, gwiwa ta kai ni idi ta dawo da ni.

Sun iso jajibiri, shi da Lastri da yara. Ban ce komai ba sai jiya bayan azahar, da aka gama cin abinci. Na ce, "Afrizal, zo ka ga haukan uwarka." Lastri ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu. Na nuna masa abin da na cire, na mayar, wasa ya mutu a gabansa. Na sake cirewa, ya rayu.

"To, na ji," in ji shi. "Na'ura ce. Amma wannan bai nuna..."

"Yi shiru. Ba a gama ba."

Na je na taso Uni. Da ƙyar ta yarda ta zauna. Ta dubi allon kamar mai duban wanda ya sha yi mata ƙarya. Ta danna siffarta. Ta danna akwatin. Ta ma fara janye hannu don ta san abin da ke biyowa.

Taswira ta buɗe.

Ta matso da kujera da ƙafarta mai lafiya. Linzamin ya bi ta kan kasuwa, ya wuce masallaci, ya wuce gada, bai yi ko gezau ba, ya tsaya kan gidan Afrizal. Ta danna. Wata 'yar mota ta zo ƙofar gidanmu, 'yar tsohuwar ta fito da akwatinta ta shiga. Can sai ga ta a falonsu, ƙaramar jikar ta rarrafo ta kama mata zani.

Na sa hannayena a ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu, saboda ke.

Amma baki ban zauna a kansa ba. Na ce, "Kuskure ne, hannun hagu ne." Na rufe wasan ba tare da na adana ba, na sake buɗewa, ga ta a gida. Na ce, "Uni, yi a hankali, ki dafa mana shinkafa." Ko kallon murhu ba ta yi ba. Akwati, kasuwa, masallaci, gada. Da motar ta tsaya, ta saki linzami, ta juyo ta ɗaka mini duka a cinya.

Sai Lastri ta ajiye kwano ta ce a hankali, "Ranar Ƙaramar Sallah na ce mata, Mande, ki zo ki zauna da mu, akwai mai koya wa masu irin ciwonki magana kusa da gidanmu. Ta gyaɗa kai. Na ɗauka irin gyaɗawar nan ce."

Afrizal ya durƙusa a gaban kujerar. Mutumin da ya zo da shirin faɗa, ga shi ya samu abin da ya zo nema, amma kuka yake kamar an ƙwace masa. "Mande, ni na ce kanki ya tafi. A gabanki na faɗa." Ta kama kunnensa ta murɗe, ta daɗe ba ta saki ba.

Na ce, "To, ni na ci gardama, a rubuta."

"Ka ci, Mak Etek," in ji shi, yana share hanci. "Sai ka hana ta."

Na dubi yayata, ta dube ni. Tun Ƙaramar Sallah take faɗar magana ɗaya, ni ina share ƙura, shi yana sayen gado, ke kina can kina kuka a tasha, duk a kan wa ya fi sanin abin da ya dace da ita. Me zan hana?

Da safen nan suka tafi. Ita ta zaɓi zannuwanta, tana nunawa ina ninkewa. Gadon mai ƙarfe an ce za a mayar wa mai shi. Kwamfutar tana kujerar baya tsakanin yara, an ɗaura mata bel. Ni ina nan, zan riƙa buɗe tagogi da safe, gida ba zai rufu ba. In mutanen masallaci sun tambaya, na san abin da zan ce musu.

Da aka zo matakala, Afrizal ya sunkuya zai ɗauke ta. Ta sa sanda ta tokare masa ƙirji. Ta kama katakon gefe da hagu, ta sauke ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar, ta huta. Injin mota yana ta aiki, maƙwabta sun fito sun tsaya. Ba wanda ya taɓa ta har ta taka ƙasa.

Ki sani, kuma ki faɗa wa duk wanda ya tambaye ki: ba a ɗauke uwarki daga gidanta ba. Ita ta fita.

Kawunki,
Mak Etek Mawardi